Abba, Me Ya Sami Kafaɗarka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abba, wanda ya ci sunan mahaifina, shi ya sa har yau bakina bai iya kiran sunanka na yanka ba. Ina gaishe ka daga nan Kakuri, gaisuwar uba ga ɗansa da ke nesa. Allah ya sa takardar nan ta same ka a kan ƙafafunka, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin abokin da ba ya tsoron Allah. Ya aiki, ya sanyin Jamus? Mamanka na gaishe ka, ƙanwarka Rukayya ma haka.

Ka lura ban tambayi lafiyarka ba. Da gangan na yi. Na san amsar, na ma haddace ta: "Lafiya lau, Baba, alhamdu lillahi." Ita kake ba ni a waya duk mako, tun kafin in rufe baki. Shi ya sa na ajiye wayar na ɗauki biro, don takarda ba ta katsewa a daidai inda magana ta yi nauyi, kuma ba za ka ce mata sabis ya ɗauke ba. Rukayya za ta ɗauki hoton shafukan ta tura maka. Ka karanta har ƙarshe, ban da tsallake.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Zargin da nake yi shi ne ka faɗi daga kan keken nan naka, ka ji ciwo a kafaɗar dama, kuma kana ɓoye mana. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ji, na ɗauki zunubin, zan nemi gafara daga baya. Amma sai na ga kafaɗar tukuna.

Na san abin da za ka ce: Baba ya sake farawa. Gaskiya ne, ba yau na fara zarginka a kan keken nan ba, kuma a zargin farko ban ci ba. Ranar da Rukayya ta fara nuna mana hotonka, wando ya kama ka kamar an zuba ka a ciki, a kanka wata hula irin rabin ƙwarya da aka huhhuda, ga keke siriri, tayarsa ba ta fi yatsana kauri ba. A bayanka babu gida, babu mutum, sai gona da shanu. Mamanka ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi! Wannan Abba ne? Ina sauran wandon?" Ni ban yi dariya ba. Abin da ya faɗo mini shi ne an sallame ka daga aiki, ka koma kai wa mutane saƙo a keke, kana jin kunyar faɗa.

Na karɓi wayar na tsallaka gidan Baba Bitrus, maƙwabcinmu mutumin Filato, wanda muka yi aikin masaƙa tare tun kafin a haife ka. Na ce, "Bitrus, duba mini nan. Na yi shekaru ina tuƙa keke don kada yaron nan ya tuƙa, ga shi ya je har Turai ya hau." Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Sani, abeg ka kwantar da hankalinka. Mai kai saƙo da akwati yake yawo a baya. Wannan ko kariyar ɗora kaya ba shi da ita. Keken waɗanda suka ƙoshi ne."

Rukayya ta ƙara mini bayani. "Baba, motsa jiki ne fa. Ran Asabar suke fita ƙauyuka, su yi ta tafiya, su tsaya su sha shayi, su dawo." Na ce gaisuwar mutuwa suke zuwa? Ta ce a'a. Na ce yana da gona a can? Ta ce a'a. Wato mutum ya tashi da sassafe ya nausa daji, ba shi da kowa a can, ba saye ba sayarwa, ya dawo a galabaice yana murna. A nan Kaduna, wanda ya shiga daji haka kawai, mutanen gidansa sai su zauna jiran kira daga baƙuwar lamba. Sai na ce a raina ko dai mace ce. Da na bi sauran hotunan na ga duk ƙarti ne masu jajayen fuska, har da wani mai furfura da ya kusa sa'ana, na janye wannan ma. Shayin da Rukayya ta ce kuna sha kuwa, na gan shi a dogayen kofuna yana kumfa. A gabanka ruwa na gani. Na gode wa Allah, amma sai da na sa ta ƙara wa hoton girma na tabbata.

Waɗancan zarge-zargen duk sun faɗi, na kuma faɗa da bakina. Na yanzu daban ne, don ruwa ba ya tsami banza.

Tun da ka fara hawan keken nan, Asabar ba ta wucewa ba ka turo hoto ba, har muka gaji da ganin shanun Jamus. Ana saura 'yan makonni babbar Sallah, hotuna suka ɗauke ɗif. Ka ce ruwa ake yi. To, da can da kake turo kanka jiƙe sharkaf kana washe baki, ba ruwa ba ne? Kiran bidiyo ya koma na murya, wai kyamarar wayarka ta lalace. Injiniya guda, a ƙasar da ake ƙera injin, kyamara ta gagare shi. Ranar da Rukayya ta ba ka labarin ragon Sallarmu da ya tsinke ya shige cocin su Baba Bitrus, ka fara dariya ka yanke ta a tsakiya, na ji ka ja numfashi ta haƙora. Na san wannan jan numfashin, don na taɓa yin sa.

Sai kuma hoton Sallah, da mamanka ta matsa sai ta gan ka. Guda ɗaya tal ka turo. Ka tsaya a karkace, ka cusa ɓangarenka na dama a bayan wani abokinka, maɓallin wuyan kaftaninka a buɗe, ka ɗaga hannun hagu kana gaishe mu. Abba, a gidan nan aka haife ka. Tun kana rarrafe mamanka ke buge maka hannun hagu in ka miƙa shi ga babba. Ko shekara nawa ka yi a cikin Turawa, ba za ka ɗaga wa iyayenka hagu ranar Sallah ba in da damar tana tashi. Ban ce wa mamanka komai ba, ita ma ba ta ce mini komai ba. Amma na gan ta ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta daɗe a kan kafaɗar nan.

Ban ga laifinka sosai ba, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bari in ba ka labarin kullin nan da ke tsakanin wuyana da kafaɗata, wanda kake dannawa kana yaro, kana tambaya ko goro na ɓoye a wurin.

Lokacin ina masaƙa ne, mamanka na da tsohon cikinka. Ranar hutu nakan hau keke zuwa 'yar gonata ta Kakau. Baƙin keke ne irin na da, mai nauyi, mai kariya a baya. Robar birkin baya ta cinye, kuma na sani. Kullum na matsa sai in ji ƙarfe na cizon ƙarfe, in ce gobe zan kai wa mai gyara, gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Na ma saba, in zan tsaya sai in danna dunduniyar takalmi a kan taya. Ran nan, ƙarshen damina, na ɗauro buhun masara na kamo hanyar gida. Akwai wata 'yar hanya ta yanke da nake bi, mai gangara, da kwalbati a ƙarshenta. Na bi ta sau ba adadi, ko da ido a rufe zan iya. Ashe ruwan da aka kwana ana yi ya kwaso yashi ya shimfiɗa a gindin gangarar. Buhu na tura ni, na matsa birkin baya babu, na sa ƙafa takalmin ya fice, na damƙe na gaba da ƙarfin tsiya. Taya ta kafe a yashi, ni kuma na wuce ta sama. Na ji ƙas kafin in ji zafi.

Ka ga, ba baƙuwar hanya ce ta kayar da ni ba, wadda na sani ce. Shi ya sa kwaltar nan taku da nake gani sumul a hoto ba ta burge ni, tsoro take ba ni, don hanya mai rami ita ke tilasta wa mutum ya buɗe ido. Ka duba birkinka da hannunka duk lokacin da za ka fita, kada ka ce ai jiya lafiyarsa ƙalau. Duk kwanar da ba ka ga bayanta ba, ka ɗauka akwai tarakta a tsaye. Manomi manomi ne ko a ina. In ya fito daga gona da laka a taya, a kan titi zai zubar da ita, kuma ba zai share don kai ba. Gangara ma ba wurin nuna bajinta ba ce, sauri shi ya haifi nawa.

Na daɗe a kwance a gefen kwalbatin nan, don hanyar ba kowa ke bi ba, kuma ban gaya wa kowa ta nan zan biyo ba. Wata mata 'yar ƙabilar Gbagyi ce ta zo wucewa da itace a kafaɗa. Ta san ni, don duk ranar da na wuce bakin gonarsu sai na rage gudu na yi musu sannu da aiki. Ta ajiye itacen ta ce, "Kai, mai masara, me ya same ka?" Ita ta kira mazansu suka ɗaga ni, suka miƙe mini kan keken, suka ajiye mini buhun a gidansu. Sallamar da nake yi musu ban taɓa ɗaukarta komai ba, sai ranar.

Kai wa ya san ka a ƙauyukan da kake ratsawa? Kana wucewa fuu, kai a sunkuye, ido a cikin baƙin tabarau, ko ɗan'uwanka ba zai gane ka ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa, balle baƙon da ke gudu. Ka riƙa ɗaga wa manoma hannu, ko ba su amsa ba. Kafin ka fita ka gaya wa wani ta inda za ka bi da lokacin da za ka dawo. Ka rubuta sunanka da lambar Rukayya ka sa a aljihun rigar nan, a yaren da mutanen wurin ke karantawa, ka ƙara da cewa kai Musulmi ne. Kada ka ce Baba na yi maka fata, duk matafiyi na ƙwarai haka yake shiri. Kuma ka cusa wando na mutunci a wani wuri, don in azahar ta same ka a daji, wancan ba ya salla.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana cina. A bidiyon da ka turo kwanakin baya, kuna jere a kan titi ɗaya bayan ɗaya, kai ne a gaba, ka rubuta, "Baba, ni ke jan su." Kai alfahari ka yi, ni kuwa haushi na ji, don na taɓa zama wannan wawan. In muka haɗu da su Bitrus za mu Kakau, mu da ke da gonaki a can, kullum ni ne a gaba, wai ni mai ƙafa. Bitrus yana liƙe a bayana, tayarsa kamar ta taɓa tawa. Mu isa ina haki, harshe a waje, shi yana fito. Sai bayan shekaru, muna zaune a ƙofar gida, ya ce, "Malam Sani, ka san me ya sa ban taɓa wuce ka ba? Kai kake sha mana iskar, mu a bayanka hutawa muke." Ya yi ta dariya har da hawaye. Na gaba shi ke shan iska, shi kare ke fara tarewa, shi ke fara gano rami da tayarsa.

Rukayya ta ce ta bincika, wai karɓa-karɓa kuke yi, kowa ya ja na ɗan lokaci ya koma baya. To madalla. Amma ni duk bidiyon da na gani kai ne a gaba. Ka sa ido, in lokacin karɓa ya yi, wa ke fitowa, wa kuma ke tsayawa gyaran tabarau. Na san kai kaɗai ne baƙar fata a cikinsu, kana so ka nuna musu ba a banza ka zo ba. Wannan son a yaba ɗin shi ke sa mutum ya shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinsa. Ban ce mugaye ba ne. Ban san su ba, abin da ke damuna ke nan. Ranar da ka faɗi, sun tsaya? Wa ya bi ka asibiti? Wanda ka ɓuya a bayansa a hoton Sallah, shi ne ya taya ka sa kaftanin? In shi ne, ka gaishe mini da shi, ka ce na gode. In kuma sun wuce sun bar ka sai da suka kai inda za su, ka nemi wasu abokan.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda saboda shi na zauna rubutun nan.

Da na iso gida ranar, na tura keken da hannun hagu na shiga, na ce wa mamanka buhun ya yi nauyi na bar shi sai wani zuwan. Ta ce me ya sami rigata, na ce ƙaya ce. A ganina mace mai tsohon ciki ba a tayar mata da hankali. Masaƙa na da asibitinta, amma na ƙi zuwa, don in aka rubuta ni cikin marasa lafiya aka ce in zauna a gida, asiri ya tonu. Na ci gaba da zuwa aiki, Bitrus na rufa mini asiri a wurin injin yana zagina. Sai da wurin ya kumbura ya yi baƙi na lallaɓa wurin wani mai ɗori a Makera. Ya taɓa ya ce, "Malam, ina ka tsaya? Ƙashin ya fara kamawa a inda ya ga dama." Ya ja, ya ɗaure da tsumma, na rufe da babbar riga na koma gida. In mamanka ta tambaya sai in ce sanyi ne ya kama mini wuya.

A haka aka haife ka. Ranar suna aka miƙo mini kai a cikin zani, na noƙe, na kau da kai. Mutane suka yi ta dariya, suna cewa kunyar ɗan fari ce ke damun Malam Sani. Ba kunya ba ce. Tsoro na ji kada in karɓe ka hannun ya sake ka. Ka yi wata da watanni a duniya ban ɗauke ka ba, kuma har ka girma ban taɓa ɗora ka a wuya na zaga da kai unguwa kamar yadda sauran iyaye ke yi ba. Wannan yana cikin abubuwan da ke yi mini ciwo har yau.

Bayan an yi arba'in, ina cin tuwo, mamanka ta zauna a gefe ta ce, "Malam, tun ranar da ka shigo da keke a hannun hagu na sani. Shiru na yi in ga ranar da za ka ɗauke ni mutum." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta sake tayar da maganar ba. Amma daga ranar, in na ce mata lafiya lau, sai ta dube ni daga sama har ƙasa kafin ta amsa. Ni da nake ganin na raba ta da damuwa, ashe na bar ta ne ta yi damuwar ita kaɗai, ga ciki, ga mijin da ke nishi yana cewa sanyi ne.

Abin takaicin, ni ne mutumin da bai kamata ya yi haka ba, don an yi mini na ji yadda yake. Shekara guda kafin nan, kakanka mai sunanka ya kwanta ciwo a ƙauyenmu can ƙasar Katsina. Duk wanda ya zo Kaduna daga gida na tambaye shi, sai ya ce, "Jiki da sauƙi, yana gaishe ka." Na ce to, bari in jira hutu in je a tsanake. Ran nan wani direban mota ya same ni a ƙofar masaƙa ya ce, "Ka zo gida, ana nemanka." Ko da na isa, har ƙasar kabarin ta bushe. Na tambayi baffana me ya sa ba a gaya mini gaskiya ba. Ya ce, "Kana wurin aiki, ga nisa, ba mu so mu tayar maka da hankali ba." Ya ƙara da cewa tsohon ya yi ta tambaya ko na iso. Na yi shekaru ina riƙe da su a zuciya. Amma da tawa ta zo, abin da suka yi mini shi na yi, ban rage komai ba.

Haka muke, Abba. Na nesa ba a gaya masa, mai ciki ba a gaya mata, tsoho ba a gaya masa, kowa na tausayin kowa har a rasa wanda ya san halin da wani ke ciki. Muna kiransa kara, muna kiransa dauriya. Akwai wurin da yake da kyau, ban musa ba. Amma tsakanin Kakuri da Jamus ba shi da amfani, don ba mu da wata hanyar sanin halinka sai abin da ka faɗa. In bakinka ya zama ba abin yarda ba, to ba mu da komai. Uwarka ba ta barci a kan abin da ka faɗa, a kan abin da ka ƙi faɗa take kwana tana juyi. Wa ke dafa maka abinci? Yaya kake alwala? Kanka ya bugu? Waɗannan tambayoyin nake gani a fuskarta, ni ma su ke raina.

In ƙashi ne, ka bi abin da likita ya ce har ƙarshe, kada ka ji zafi ya ragu ka ce ka warke. Motsa hannun da za su sa ka yi, ka yi shi ko yana sa ka hawaye, don ni da na ƙi, ga shi har yau hannun damana ba ya wuce kunnena. Kada ka koma kan keke sai sun ce ka koma. In hular kwanon ta daki ƙasa, ka jefar da ita ka sayi wata, ta gama nata aikin.

Ka ga ban ce ka bar keken ba. Na san mamanka so take in kafa maka doka, kuma da na kafa za ka ce, "To, Baba." Sannan ka ci gaba da hawa, ka daina turo hoto, ƙarya ta zama biyu. Ban da haka, zan gaya maka abin da ban gaya wa Rukayya ba ranar da nake yi mata tambayar gona da gaisuwar mutuwa. Na san abin da kake nema a dajin nan. In na baro Kakuri da sassafe, na wuce gidajen ƙarshe, hayaƙin matatar mai ta wajen Rido ya koma baya, masara ta rufe hanya dama da hagu, kunnuwan nan da ƙarar injin ta toshe mako guda sai in ji sun buɗe. Wani lokaci gonar ba ta bukatar komai, amma sai na ƙirƙiro mata aiki don in hau. Mutum a ƙasar da ba tasa ba, daga ɗaki sai wurin aiki, dole ya nemi inda zai yi numfashi. Ka hau abinka, ni gaskiya kawai nake nema.

Kuma tunda bai dace in nemi abin da ni ban bayar ba, bari in fara.

Ka tuna ranar da ka kira a watan jiya, mamanka ta ce na tafi Kakau na manta waya a gida? Ina kwance a gadon asibiti, ina jin muryarka. Ni na yi mata alama da hannu kada ta faɗa. Jinina ne ya hau. Mun idar da la'asar a masallacin unguwa, na zo tashi ƙafar hagu ta ƙi, bakina ya karkace, a keke mai ƙafa uku aka kwashe ni. Ba zan ce maka da sauƙi ba, ga yadda abin yake. Bakin ya koma daidai, magana ta dawo, shi ya sa ba ka ji komai a muryata ba. Ina tafiya, amma da sanda. Hannun hagu ya yi nauyi, ba ya riƙe kofi. Ina shan magani, an hana ni gishiri, gonar bana kuma na ba wani ya noma. Likita ya ce in na kiyaye zan ƙara samun ƙarfi, ya kuma ce abin yana iya dawowa. Duka biyun na gaya maka.

Da mamanka ta ajiye wayar ranar, ta ce, "Ka sa na yi wa ɗana ƙarya. Na yi maka wannan, ba zan ƙara ba." Shi ya sa ka ga ban matsa maka a kan kyamarar nan ba. Lalacewarta ta yi mini daidai. Makonni ke nan ni da kai muna gaisawa, kowa da hannu ɗaya, kowa na ce wa ɗan'uwansa lafiya lau. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, kana da gaskiya.

Ran Juma'a in ka taso daga aiki, ka kira. In wayarka ba ta gyaru ba, ka ari ta wani. Zan zauna a tsakar gida inda haske yake, mamanka a gefena. Ka ɗaga hannunka na dama iya inda yake kaiwa, ni ma in ɗaga na hagu iya inda yake kaiwa. In zatona ƙarya ne, zan ba ka haƙuri a gaban ƙanwarka. In gaskiya ne, ba zan yi faɗa ba, na yi alkawari, kuma zan riƙe mamanka. Daga nan kuma mu daina. Ba na so wata rana a kira ka a ce ka zo gida ana nemanka, ka hau jirgi ba ka san abin da za ka tarar ba. Ni ma ba na so a yi mini irin wannan kiran daga can.

Allah ya ɗora abin da ya karye, naka da nawa. Ya tsare gabanka da bayanka, a kan kwalta da cikin daji, ya haɗa ka da masu tsayawa in ka faɗi. Ya yi maka albarka, ya sa mu gana da rai.

Ina jiran Juma'a.

Mahaifinka,
Malam Sani